Falsafa, Kimiyyar Siyasa ko Tarihi: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga Binciken Tunanin Siyasa?

Wanda ya gama digirin farko ko na biyu, tambayoyin mulki kuma suka hana shi sakat, yakan ɗauka abin da ya rage masa shi ne zaɓen jami'a. Me ya halatta wa wasu su mulki wasu? Ina iyakar biyayya? Wa ya ba mai gona gonarsa tun asali? A ganinsa duk inda aka rubuta falsafar siyasa a bakin ƙofa, karatu ɗaya ake yi a ciki. Sai ya shiga ya tarar gidaje uku ne da katanga a tsakaninsu: sashen falsafa, sashen kimiyyar siyasa, da sashen tarihi. Littattafansu kusan ɗaya ne, Aflatun da Hobbes da Rousseau da Marx suna kan kantar kowa. Amma aikin da wannan gida zai yaba, wancan yana iya dubawa ya ce ba a ma fara ba. Shekara uku zuwa bakwai mutum zai yi a gidan da ya zaɓa, don haka gara ya san halin masu gidan kafin ya sauke kaya.

Babi ɗaya a hannun ɗalibai uku

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗauki nassi guda a miƙa wa mutum uku. Mu ɗauki babi na biyar na risala ta biyu da John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, ya rubuta kan gwamnati, wadda aka buga a 1689 babu sunansa a jiki. Cewa ya yi Allah ya ba 'yan Adam ƙasa su yi tarayya a kanta, amma kowane mutum shi ke da jikinsa da aikin hannunsa. Idan ya cuɗa guminsa da abin da ba shi da mai shi, ya sare daji ya yi shuka, wurin ya zama nasa, muddin ya bar wa sauran jama'a abin da zai ishe su, mai kyau kamar wanda ya ɗauka.

Ɗalibin falsafa tambaya ɗaya zai yi: hujjar nan ta tsaya da ƙafarta? Zai warware ta gaɓa-gaɓa, ya jera abubuwan da aka gina ta a kai, ya ga ko sakamakon ya biyo bayansu tilas ko kuwa an yi tsalle a wani wuri. Robert Nozick na jami'ar Habad ya yi irin wannan a littafinsa na 1974. Ya ce a ƙaddara mutum yana da gwangwanin ruwan tumatir, ya juye shi a teku har ya gauraye da ruwan. Tekun ya zama nasa ke nan, ko kuwa asarar tumatirinsa ya yi? Me ya sa cuɗa abinka da abin da ba naka ba zai zama hanyar samu, maimakon hanyar rasawa? G. A. Cohen na Oksfod kuma ya kwashe shekaru yana nuna cewa ko an yarda mutum ya mallaki kansa, wannan bai isa ya ba shi damar killace ƙasa ba. Ɗalibin nan bai damu da abin da Locke ya ci ko wanda ya yi wa aiki ba. In ya ga hujjar tana ɗingishi zai yi mata ɗori, ko da Locke bai taɓa tunanin ɗorin ba.

Ɗalibin tarihi zai ce a dakata, tukuna yaushe aka rubuta wannan, kuma da wa ake faɗa? An daɗe ana ɗaukar risalar a matsayin wanke juyin mulkin 1688 na Ingila. Sai Peter Laslett na Kambirij ya fitar da bugunsa a 1960, ya nuna cewa akasarin rubutun ya girmi juyin da kusan shekara goma, tun lokacin da ake rikicin hana James, ƙanin sarki, gadon sarauta saboda shi ɗan Katolika ne. Abokin gabar Locke kuwa shi ne Robert Filmer, wanda aka buga littafinsa a 1680, mai cewa sarauta da mallakar ƙasa gado ne daga Annabi Adamu. Da aka gane haka sai ma'anar littafin ta juya: ashe kira ne ga tawayen da bai faru ba tukuna. Quentin Skinner ya shimfiɗa wannan hanya a maƙalarsa ta 1969, inda ya ce aikin mai karanta tsohon nassi shi ne gano abin da marubucin yake aikatawa da kalmominsa a cikin muhawarar zamaninsa, ya daina tilasta wa matattu amsa tambayoyinmu.

Na uku, ɗalibin nazariyyar siyasa, wato nazarin ra'ayoyin da ake gina mulki a kansu, da ke zaune a sashen kimiyyar siyasa, zai tambaya: wane aiki hujjar nan ta yi a duniya, wa ta ɗaga, wa ta danne? C. B. Macpherson na Toronto ya karanta ta a 1962 a matsayin share fage ga tara dukiya ba iyaka. James Tully da wasu suka lura cewa Locke ya yi ta kafa misali da Amurka, cewa yana da hannu a tsarin mulkin yankin Karolina na 1669, kuma ya taɓa riƙe hannun jari a kamfanin da ke cinikin bayi daga Afirka. Idan noma irin na Turawa ne kaɗai ake lissafawa a matsayin gumin da ke haifar da mallaka, to ƙasar mafarauta da masu yawo ta zama ba ta da mai ita. Daga nan ɗalibin zai iya tsallakowa zuwa rikicin filaye da ma'adinai na yau, ko ma mallakar bayanan mutane a intanet.

Duka ukun karatu ne na gaskiya, kuma katangun suna da kafofi; Tully kansa a Kambirij, gidan masu tarihi irin su Laslett, ya yi digirinsa na uku. Amma ga wani gwaji da nake ganin ya fi duk wata takardar tallan jami'a amfani. Ka ƙaddara ka gabatar da aikinka a zauren ƙara wa juna sani, mutum uku suka ɗaga hannu. Na farko ya ce, "Sakamakonka bai biyo bayan hujjojinka ba." Na biyu ya ce, "Mutanen wancan zamani ba haka suke nufi da wannan kalma ba." Na uku ya ce, "To, sai me? Me wannan ya gaya mana game da yadda ake mulki?" Wace suka ce za ta hana ka barci a daren? Wadda ta fi yi maka ciwo, gidan masu ita ne gidanka, domin ma'auninsu ka riga ka ɗauka ba ka sani ba.

Abin da za a sa ka yi kullum

Sashen falsafa a ƙasashen da ke magana da Ingilishi, galibinsa salon feɗe hujja ake bi. A 1956 Laslett ɗin nan ya rubuta cewa falsafar siyasa ta mutu, aƙalla a wancan lokaci. Shekara 15 bayan haka John Rawls ya fitar da littafinsa kan adalci, a 1971, ya tashe ta. Dabararsa sananniya ce: a ƙaddara mutane za su tsara dokokin al'umma a bayan labule, ba wanda ya san ko attajiri zai kasance ko matalauci, mai lafiya ko naƙasasshe, wane tsari za su amince da shi? Har yau muhawara mai yawa a wannan gida kan Rawls take juyawa, ko goyon baya ko suka, irin ta Amartya Sen da Charles Mills da Raymond Geuss.

Abin da ɗalibai da yawa ba sa shirya wa shi ne, a nan kai masanin falsafa ne kafin ka zama masanin siyasa. A Amurka musamman, sassa da dama za su sa ka ci jarrabawar manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, mai alamomi kamar lissafi, ka zauna darasin ilimin sani, da na hakikanin samuwa, da na ɗabi'a, da tarihin falsafa. Wanda zafin zalunci ya kawo shi yana iya samun kansa wata huɗu yana fama da tambayar ko saninmu da launin ja sani ne. Wasu wannan ne ke wasa musu ƙwaƙwalwa har su fi kowa iya yanka magana. Wasu kuma su ji kamar an kulle su a ɗaki ba taga. Rubutun gidan gajere ne, tsararre, kowace jimla tana ɗauke da kaya, kuma maƙala a mujalla ta fi littafi daraja ga mai farawa. Wasu sassan ma sun yarda kundin digiri ya zama maƙaloli uku ko huɗu masu alaƙa. Zaman muhawararsu yana da zafi. Ana iya tsinke maka hujja a minti biyar, a fito kuma ana raha da kai kamar ba a yi komai ba.

Akwai wani reshe, salon nahiyar Turai, na Hegel da Marx da Nietzsche, da malaman cibiyar Farankfot da aka kafa a 1923, da Habermas da Foucault. Wanda wannan ne abin sonsa ya buɗe ido sosai, domin sassan falsafa da yawa a Ingila da Amurka ba su da ko malami ɗaya a kai, alhali a Jamus da Faransa da Beljiyam shi ne abincin yau da kullum.

Sashen kimiyyar siyasa ya fi fili. A Amurka an saba raba shi gida huɗu: siyasar ƙasar, kwatanta siyasar ƙasashe, hulɗar ƙasa da ƙasa, sai nazariyya. Za a so ka riƙe fanni na biyu bayan naka, kuma a wurare da yawa sai ka yi darasin dabarun bincike, wani lokaci har da ƙididdiga. Ribar ita ce kana zaune da masu nazarin zaɓe da juyin mulki da majalisu, ba za su bar ka ka yi ta shawagi a sama ba. Kana da 'yancin haɗa tarihi da falsafa da adabi da shari'a a kundi guda, kuma kundin yakan ɗauki siffar littafi. Hannah Arendt, a wata hira da aka yi da ita a talbijin ɗin Jamus a 1964, ta ƙi a kira ta masaniyar falsafa, ta ce sana'arta nazariyyar siyasa ce. Leo Strauss ma a sashen kimiyyar siyasa na Shikago ya yi shekarunsa mafi tasiri.

Kuɗin wannan 'yanci shi ne zama 'yan tsiraru. Tun bayan yaƙin duniya na biyu fannin ya karkata ga auna halayyar masu zaɓe da alƙaluma, masu nazariyya suka koma lungu. A sashe mai malamai da yawa kana iya samun biyu ko uku kacal naka. Idan ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya koma wata jami'a, ka zama maraya da tsakar rana. Ga kuma haɗarin da ke tattare da filin kansa: wanda ba a matsa masa ya tsaida hujja ba, ba a kuma matsa masa ya tabbatar da tarihi ba, yana iya fitowa da rubutu mai daɗin karatu wanda ba ya jure tambaya. Na karanta irinsu, kuma yawanci laifin rashin mai duba aiki mai tsanani ne.

Sashen tarihi shi ne mafi tsadar shiga, kuma kuɗin shigarsa harshe ne. Mai son Hobbes da gaske sai da Latin, domin da shi ya rubuta littafinsa kan ɗan ƙasa na 1642 kafin shahararren nan Leviathan na 1651. Mai son Machiavelli sai da Italiyanci, mai son Kant ko Weber sai da Jamusanci, mai son Mawardi ko Ibn Khaldun sai da Larabci mai ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya shiga shirin shekara uku da niyyar koyon harshen a hanya, rabin lokacinsa ya tafi. Bayan harshe akwai zaman ɗakin adana takardu, karanta rubutun hannu, bin wasiƙu da ƙasidun mutanen da ba wanda ya san sunansu yau, domin da su babban marubucin yake muhawara. Wanda ke jin daɗin irin wannan farauta ba abin da ya kai ta. Amma ka sani, a nan in ka ce "saboda haka ya kamata gwamnatocin yau su yi kaza", za a dube ka kamar ka yi tusa a masallaci. Hukunci kan daidai da kuskure ba shi aka aike ka ba.

Idan malaman da kake so ba na Turai ba ne

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne zaɓen ƙofa ya fi yin tasiri. Mai son ya yi aiki kan birnin da Farabi ya siffanta, ko ra'ayin asabiyya, wato haɗin kan dangi da jama'a, da Ibn Khaldun ya shimfiɗa a 1377, ko Confucius, ko Ambedkar na Indiya, ko Fanon, zai sha wuya a galibin sassan falsafa masu salon feɗe hujja. Ba ƙiyayya ce ke kawo haka ba a kullum. Sau da yawa babu wanda zai iya duba aikin ne. Kimiyyar siyasa ta fi buɗe ƙofa, domin tun shekarun 1990 wani reshe ya tsiro a cikinta na kwatanta tunanin siyasa na al'ummu daban-daban, wanda Fred Dallmayr da Roxanne Euben suna cikin waɗanda suka assasa shi. Akwai kuma ƙofa ta huɗu da ake mantawa da ita: sassan nazarin Musulunci da na yankunan duniya, irin cibiyar da ke jami'ar McGill a Kanada ko makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan. Muhsin Mahdi, ɗan Iraƙi da ya yi fice kan Farabi da Ibn Khaldun, a Shikago ya yi karatu, ya ƙare yana farfesan Larabci a Habad. Matsalar wannan ƙofa ita ce za a horar da kai kan nassi da harshe ƙwarai, amma in ka fito neman aiki sashen falsafa yana iya cewa kai ba nasu ba ne, sashen siyasa ma haka.

Tsarin Amurka da tsarin Ingila

Bayan ƙofa sai tsari, kuma a nan tambayar gajeriya ce: kana da tambayar bincike a hannu, ko kuwa sha'awa kawai kake da ita?

A Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye daga digirin farko. Shekara biyu na farko darussa ne, sai jarrabawar tantancewa ko maƙalolin da ke madadinta, sai a shekara ta uku ka gabatar da tsarin bincikenka gaban kwamitin malamai uku ko fiye. Gaba ɗaya shekara biyar zuwa bakwai. Manyan jami'o'i sukan ɗauke kuɗin makaranta su kuma ba da alawus, kai kuma ka riƙa taimakawa wajen koyar da 'yan digirin farko. Wannan koyarwar tana cin lokaci, amma ita ce ke sa ka fito ka san yadda ake riƙe aji. Wajen neman shiga, abin da ya fi komai nauyi shi ne samfurin rubutunka, shafi 15 zuwa 25, tare da wasiƙun malamai uku. Ba a sa ran ka san abin da za ka rubuta kundi a kai, kuma da yawa sukan shiga da Rawls su fito da Aristotal.

A Ingila sai da digiri na biyu, kuma da tsarin bincike a rubuce ake neman shiga. Ranar farko ka fara kundi. Shekara uku zuwa huɗu ne, akan tantance ka wajen ƙarshen shekarar farko, iyakar kundin kalma 80,000 a Kambirij, wasu wuraren har 100,000. A ƙarshe malamai biyu, ɗaya na cikin gida ɗaya daga wata jami'a, su rufe ƙofa da kai su yi maka tambayoyi na sa'o'i. Babu darussa masu yawa, babu kwamiti. Kai ne da mai duba aikinka, sai wataƙila mataimakinsa. Ga wanda ya san inda ya dosa, wannan gata ne, ya tsira da shekara biyu ko uku na rayuwarsa. Ga wanda bai sani ba, kaɗaici ne mai cin rai, kuma giɓin da ke cikin karatunsa ba mai cike masa. Wani abu da ke ruɗa mutane: a Ingila samun gurbi daban, samun tallafi daban. Takardar da ta ce an ɗauke ka ba ta ce za a biya maka ko kwabo ba.

Sauran Turai a taƙaice. A Jamus bisa al'ada farfesa guda kake nema ya karɓe ka, har suna kiransa uban digiri. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake biya kowane zango, kuma ba a ba ka laƙabin dakta sai ka wallafa kundin. A Holan da Suwidin da Nowe da Denmak ɗalibin digiri na uku galibi ma'aikaci ne mai albashi, ana tallata gurbin kamar yadda ake tallata aiki. Sharaɗin shi ne sau da yawa gurbin yana cikin wani babban aikin bincike da farfesa ya samo wa kuɗi, don haka tambayar tasa ce, kai za ka nemi kusurwarka a ciki.

Ni dai hukuncina: wanda ya canja fanni, ko wanda digirinsa na baya bai ba shi tushe mai kauri ba, tsarin Amurka ya fi masa ko da ya fi tsawo. Wanda ya riga ya rubuta kundin digiri na biyu mai kyau, yana da harshen da yake bukata, kuma yana iya faɗin tambayarsa a jimla biyu, ba shi da dalilin komawa aji na shekara biyu.

Digiri na biyu a matsayin gada

Oksfod tana da wani digiri na shekara biyu a falsafa da ake kira BPhil. Sunansa kamar na digirin farko, amma na gaba da shi ne, kuma yana cikin mafiya tsanani, da kundi mai kai wa kalma 30,000. Tana kuma da digiri na biyu na shekara biyu a nazariyyar siyasa. Kambirij tana da na wata tara kan tunanin siyasa da tarihin tunani. Na shekara guda ya fi sauƙin kuɗi, sai dai yana da wani tarko. Ana fara karatu wajen Oktoba, ana rufe karɓar takardun digiri na uku masu tallafi a Disamba ko Janairu. Ke nan wata biyu ko uku da zuwanka za ka roƙi wasiƙa daga malamin da bai karanta maka komai ba, ka kuma miƙa samfurin rubutun da ka yi tun kafin ka zo. Shi ya sa da yawa sukan gama su jira shekara guda kafin su nema. Ka sa wannan shekarar a lissafinka tun farko.

Kuɗi da abin da ke bayan digirin

Kada ka biya wa kanka digiri na uku a wannan fanni, balle ka ci bashi. Guraben koyarwa na dindindin a jami'a sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da masu fitowa, a duk gidajen uku, kuma masu ƙwazo da yawa sukan yi shekaru suna tsalle daga kwantiragin shekara ɗaya zuwa wani. Akwai tallafin Gates a Kambirij, da Clarendon a Oksfod, da na ƙungiyar Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da Fulbright ta Amurka. Chevening ta gwamnatin Birtaniya kuwa digiri na biyu na shekara guda kawai take ɗauka. In ba a samu bana ba, a gyara samfurin rubutu a sake nema baɗi.

Ƙofar da ka bi tana bin ka har kasuwar aiki. Sassan falsafa kusan ba sa ɗaukar wanda ba shi da digirin falsafa. Sassan siyasa sukan ɗauki masanin falsafa jefi-jefi, kuma ɗan gidansu da ya riƙe fanni na biyu yana da abin koyarwa fiye da ɗaya, wanda ƙananan jami'o'i ke so. A wajen jami'a, ɗan kimiyyar siyasa ya fi saurin shiga cibiyoyin tsara manufofi da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, musamman in ya taɓa ƙididdiga. Ɗan falsafa yana da hanya ta ɓangaren ɗa'ar aikin likita da ɗa'ar fasahar zamani da shari'a. Ɗan tarihi hanyarsa ta fi ƙunci, sai dai harsunan da ya koya jari ne.

Kafin ka cike fom

Ka nemi mujallu uku: Ethics ta masu falsafa, Political Theory ta masu nazariyya, da History of Political Thought ta masu tarihi. Ka zaɓi maƙala guda a kowace, in da hali a kan malami ɗaya, ka karanta su a mako guda. Akwai wadda za ka ji kana jayayya da ita a zuci kana neman alƙalami, akwai wadda za ka yi ta duba saura shafi nawa. Wannan mako ɗaya ya fi maka jerin darajar jami'o'i, domin jerin yana auna jami'a ne gaba ɗayanta, kai kuwa mutum ɗaya ko biyu za ka zauna da su.

Daga nan ka fitar da sunayen malamai biyar ko shida da ke aiki kusa da tambayarka, ka karanta abin da suka wallafa a shekaru biyar na baya, domin mutum yana iya yin suna kan Hegel alhali ya bar Hegel tun tuni. Ga Ingila da Jamus ka rubuta musu kafin ka nema: gajeriyar wasiƙa, tambayarka a sakin layi guda, da dalilin da ya sa shi ka zaɓa. A Amurka wannan bai zama dole ba, kwamiti ne ke ɗauka. Abin dubawa a can shi ne ko sashen yana da aƙalla mutum biyu ko uku da za su iya riƙe ka in ɗaya ya tafi.

Babban suna yana buɗe ƙofofi, amma mai babban suna yakan kasance a jirgi. Saboda haka ka nemi ɗalibansa na yanzu da waɗanda suka gama, sunayensu suna shafin sashen, ka yi musu tambayoyin da ba za ka iya yi masa ba. Sau nawa kuke haɗuwa a zango? Yana barin ɗalibi ya saɓa masa a rubuce? Mutum nawa suka fara da shi, nawa suka gama, ina suke yanzu? Ya kusa ritaya, ko ana raɗe-raɗin zai tashi? Sai tambayar da ta fi duka: in ka miƙa masa babi, kwana nawa yake yi kafin ya dawo da shi, kuma da gyara a jiki ko da "ya yi kyau, ci gaba" kawai? Idan amsar ta haura wata biyu, ka duba suna na gaba a jerinka.